Talatin da Biyar da Rabi: Nasiha ga Masu Koyon Ilmin Sinadarai

Ya ku 'ya'yana 'yan makaranta, maza da mata, duk wanda a cikinku ya taɓa zama gaban takardar jarrabawar kemistiri, ko ta WAEC, ko ta NECO, ko ta ƙarshen zango a makarantarsu, ya ga yadda akan jera waɗansu lambobi a gindin tambaya domin a sauƙaƙa wa mai amsawa: a ce haidirojin 1, kabon 12, oksijin 16, sodiyam 23, dukkansu cikakku babu gutsure, sa'an nan idan aka zo kan kulorin sai a rubuta 35.5. Na daɗe ina koyar da wannan fanni, kuma abin da ya fi ba ni tausayi game da yaran da suka bi ta hannuna shi ne, ƙalilan ne ƙwarai a cikinsu suka taɓa ɗaga hannu suka ce, "Malam, wannan rabin daga ina ya fito?" Sauran kuwa sun haddace shi yadda ake haddace lambar waya, suka juye shi a takarda ranar jarrabawa, suka fita suka bar shi a bakin ƙofa. To, a kan wannan rabin nake so mu yi zama yau, domin wanda ya san asalinsa ya kama bakin zaren lissafin mol gaba ɗaya, wanda kuma bai sani ba, ko da ya ci jarrabawa, yana tafiya ne bisa taƙlidi, ba shi da hujjar da zai kare kansa da ita ranar da aka juya masa tambaya.

Kafin mu isa ga rabin, sai mu fara da mas'alar da ta haifi mol kansa. Idan kun shiga kasuwar hatsi ba za ku tarar da wanda ke ƙidaya ƙwayoyin gero ba, sai dai a auna da mudu ko tiya ko buhu, kamar yadda shari'a ma ta ƙayyade zakkar fid da kai da sa'i, ba ta ɗora wa kowa ƙirgar tsaba ba. Mai sayen gero bai damu da ƙwaya nawa ke cikin mudu ba, tun da tuwo zai yi. Amma masanin sinadarai ba shi da wannan sauƙi, saboda sinadarai ba sa haɗuwa bisa mudu ko bisa nauyi, suna haɗuwa ne bisa adadi: ƙwayar zarra ɗaya ta sodiyam tana ɗauruwa da ƙwayar zarra ɗaya ta kulorin su zama gishiri, idan ɗayan ya fi ɗayan yawa kuwa, rarar takan zauna ba ta da abokin tarayya. Ga shi kuwa zarra ba ta ganuwa ga ido, balle a tsince ta da yatsa a ƙirga, abin da yake hannun masani kawai shi ne mizani. Ashe ke nan yana bukatar wata hanya da zai ɗora abu a kan sikeli ya karanta nauyi, daga nauyin kuma ya san adadi, kamar yadda wanda ya san nauyin sule guda zai iya ɗora jakar sulalla a kan ma'auni ya faɗi abin da ke ciki ba tare da ya kwance bakinta ba. Wannan hanyar ita ce mol. Kuma tun da jaka ta faɗo cikin magana, ku tuna iyayenmu idan suka ce jaka guda, fam ɗari suke nufi, daga baya ta koma naira ɗari biyu. Haka mol yake, sunan wani ƙayyadadden adadi ne, sai dai adadin nasa ya wuce abin da hankali ya saba ɗauka.

Adadin nan shi ne 6.02214076 × 10²³, wanda littattafanku ke taƙaitawa da 6.02 × 10²³. Domin ku ɗan hango girmansa, da za a tara mutanen duniya duka, su biliyan takwas, kowane ɗayansu ya riƙa ƙirga zarra guda a kowace daƙiƙa ta bugun agogo, wato sakan ɗaya, ba barci ba hutu, sai sun shafe fiye da shekara miliyan biyu kafin su gama mol ɗaya. Ana jingina adadin ga Amedeo Avogadro, mutumin Turin ta ƙasar Italiya, wanda a 1811 ya kawo ra'ayin cewa iskoki mabambanta, idan suka cika mazubi iri ɗaya a zafi ɗaya da matsi ɗaya, adadin ƙwayoyinsu ɗaya ne. Shi kansa bai san wannan lamba ba har ya bar duniya a 1856, kuma ra'ayin nasa bai sami karɓuwa sosai ba sai bayan da ɗan ƙasarsu Stanislao Cannizzaro ya farfaɗo da shi a taron masana na Karlsruhe a 1860. Bafaranshe Jean Perrin ne ya raɗa wa adadin sunansa a 1909. A 1971 aka shigar da mol cikin tushen ma'aunai na duniya, a ranar 20 ga Mayu 2019 kuma aka tsayar da lambar daram, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa.

Hikimar zaɓen wannan adadi, ba wani ba, ita ce an daidaita shi ta yadda idan ka tara zarra mol guda na kowane sinadari ka ɗora a sikeli, giram ɗin da za ka karanta shi ne lambar nan da ke cikin jadawalin sinadarai. Mol guda na kabon giram 12 ne, na sodiyam giram 23, na zarrar kulorin kuma giram 35.5. Wannan shi ne nauyin mol, kuma duk lissafin da ke firgita ku rassa ne daga gare shi.

Yanzu sai rabin. A 1815 wani likita Ba'ingile mai suna William Prout ya lura cewa nauyin sinadarai da yawa ninkin nauyin haidirojin ne cif-cif, sai ya yi hasashen cewa duk sinadaran duniya da haidirojin aka gina su, kamar yadda ake jera tubali a tayar da soro. Ra'ayi ne mai daɗin ji, kuma zukatan masana da yawa sun karkata gare shi, domin ɗan Adam yana son ya ga al'amari ya zo masa a shirye ba kwana-kwana. Sai dai kulorin ya ƙi. Duk wanda ya auna shi da kyau sai ya tarar da shi tsakanin 35 da 36, kusa da tsakiya, kuma ba a gina soro da rabin tubali. Waɗansu suka ce kuskuren awo ne, a sake. Waɗansu suka ce to a ɗauki rabin haidirojin ya zama shi ne tubalin, domin dai ra'ayin ya tsira. Akwai wani ɗan Beljiyam, Jean Stas, wanda ya fara aikinsa yana mai kyautata zato ga ra'ayin Prout, ya shafe shekaru yana tace sinadarai yana aunawa da tsantseni irin wanda ba a saba gani ba a zamaninsa, da ya ga mizani ya nace a kan abin da ya saɓa wa abin da zuciyarsa ke so, sai ya bi mizani ya bar son ransa, ya bayyana a fili cewa ra'ayin bai tabbata ba. Ni a wurina wannan mutum ya cancanci a ambace shi a kowane aji, domin da shi da ire-irensa sun ga dama sun shafe rabin nan sun rubuta 35 ko 36, da ba wanda zai tuhume su a lokacin, amma da sun toshe ƙofar da aka shiga daga baya aka gano asirin zarra.

Sai da aka shekara fiye da ɗari bayan Prout kafin a warware mas'alar. A 1919, a Kambirij ta Ingila, Francis Aston ya ƙera na'urar da ke rarrabe zarra bisa nauyinsu, da ya saka kulorin a ciki bai ga ko zarra ɗaya mai nauyin 35.5 ba, abin da ya gani iri biyu ne, mai 35 da mai 37. Su biyun tagwaye ne, kowannensu yana da firoton 17, shi ya sa halinsu ɗaya a wajen haɗuwa da sauran sinadarai, har ba a iya raba su ta hanyoyin da aka saba. Bambancinsu yana ga niyutiron, ɗaya yana da 18, ɗayan yana da 20. Irin waɗannan tagwaye su ake kira aisotof. A cikin kowace zarra huɗu ta kulorin, kusan uku masu 35 ne, ɗaya mai 37. Ku ɗauka mutum ya sayi raguna huɗu na layya, uku kowanne kilo 35, na huɗun kilo 37: jimlarsu 142, idan aka raba huɗu kowanne ya tashi a 35.5, alhali babu rago ko ɗaya a turken da nauyinsa ke nan. Rabin nan matsakaici ne, kuma idan aka bi diddigi sosai, da yake kason ya ɗan haura uku bisa huɗu, kusan 75.8 cikin ɗari ne da 24.2, kuma nauyin kowanne ya ɗan gaza 35 da 37 cif-cif, lambar da manyan jadawaloli ke bayarwa ita ce 35.45. An ba Aston kyautar Nobel a 1922.

Akwai abin tsayawa a yi tafakkuri a nan. Kantun gishirin da ayarin raƙuma ke ɗaukowa daga Bilma da Fachi, su ratso hamadar Tenere zuwa Agadas har ya iso kasuwanninmu, da gishirin da ake dafawa daga ruwan teku a can kudu, da wanda ake haƙowa a ƙarƙashin ƙasa a Turai, idan aka tace kowannensu aka duba kulorin da ke ciki, kason nan na uku da ɗaya ake tararwa, bambancin da ke tsakani ɗan mitsitsi ne wanda sai na'ura mai tsananin kaifi ke iya gano shi. Da ba don Ubangiji Ya tsara abin haka ba, da kowace ƙasa sai ta yi nata jadawalin, kuma da lissafin ɗan Zariya bai yi daidai da na ɗan Alƙahira ba.

Sai kuma ramin da ya fi cin ɗalibai, wanda ni ma na taɓa faɗawa cikinsa. Kalmar kulorin tana ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya, kuma wajibi ne mai lissafi ya tantance wadda ake nufi kafin ya taɓa alƙalami. Akwai zarra tilo, Cl, mai nauyin mol 35.5. Akwai kuloraid, wato zarrar da ta karɓi ilektiron guda ta natsu a cikin gishiri, ita ma 35.5. Akwai kuma iskar kulorin, wadda Carl Wilhelm Scheele na Suwidin ya fara fitarwa a 1774, aka daɗe ana zaton akwai oksijin a cikinta, har Humphry Davy ya tabbatar a 1810 cewa sinadari ne mai zaman kansa, ya sa mata suna daga kalmar Girkanci mai nufin launin tsanwa. A cikin iskar nan zarra ba ta tafiya ita kaɗai, biyu-biyu suke ɗaure da juna, Cl₂, saboda haka nauyin mol ɗinta 71 ne. Ina ɗalibi aka ba mu tambaya: giram 14.2 na iskar kulorin mol nawa ne, kuma lita nawa zai cika a ma'aunin s.t.p., inda mol guda na kowace iska ke cika lita 22.4? Na yi maza na raba da 35.5 na sami 0.4, na ninka na sami lita 8.96, na miƙa ina jin na gama. Malaminmu, Allah Ya jiƙansa, bai ja jan layi ba, sai ya kira ni ya ce, "Yaro, hisabinka babu kuskure ko ɗaya. Amma me ka ƙidaya?" Na tsaya shiru, sa'an nan na gane zarra na ƙirga alhali masu ɗaure biyu-biyu aka tambaye ni. Amsa ita ce mol 0.2 da lita 4.48, rabin abin da na rubuta. Tun daga ranar ban ƙara rubuta kalmar mol ba tare da na rubuta mol ɗin mene ne a gabanta ba, kuma ina roƙonku ku ɗauki wannan ɗabi'a tun yau.

Kada ku ɗauka wannan bambanci na takarda ne kurum. Matsakaicin nauyin mol na iskar da muke shaƙa kusan 29 ne, na iskar kulorin kuwa 71, kuma bisa ƙa'idar Avogadro wannan yana nufin kulorin ya ninka iska nauyi kusan sau biyu da rabi, don haka ba ya tashi sama ya watse, ƙasa yake bi yana malala cikin kwari da rami kamar ruwa. Wannan hali nasa ne aka yi amfani da shi a ranar 22 ga Afrilu 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, sa'ad da sojojin Jamus suka saki iskar a kusa da garin Ypres na Beljiyam, ta gangara cikin ramukan da abokan gabarsu ke fakewa ta shaƙe su. Kuma wanda ya jagoranci aikin, Fritz Haber, babban masanin sinadarai ne da ya san lissafin nan ciki da bai, abin da ke nuna muku cewa ilmi idan ya rabu da tsoron Allah masifa yake zama. Ku kuwa ga abin da za ku amfana da shi: idan tukunyar iskar nan ta fashe a ma'aikatar ruwa ko masana'anta, kada a kwanta a ƙasa, kada a ɓuya a rami, a nemi tudu a kuma fuskanci inda iska ke busowa. A gida kuma ku gargaɗi iyayenku mata da yayyenku kada su gauraya bilic da ruwan wanke makewayi mai asid don neman ƙarin haske, domin haɗuwarsu iskar nan take fitarwa, a cikin ɗan ƙaramin ɗaki marar taga.

Game da yadda ake lissafin kansa ba zan tsawaita ba, don ƙa'idar guda ce: ka raba giram da nauyin mol ka sami mol, ka ninka mol da nauyin mol ka koma giram. Wanda ya zauna gaban malamin fara'id ya san ba a fara rabon gado sai an san magada an fitar da asalin mas'ala, kuma idan aka gama sai an tara rabon kowa an ga ya yi daidai da dukiyar da aka bari. Haka nan a nan: a fara daidaita jumlar haɗi, 2Na + Cl₂ → 2NaCl, wadda ke cewa mol biyu na sodiyam da mol ɗaya na iskar kulorin suna ba da mol biyu na gishiri. Sodiyam giram 46 ke nan, kulorin giram 71, gishiri kuma, da yake nauyin mol ɗinsa 23 da 35.5 ne, wato 58.5, ya zama giram 117. Tara 46 da 71, ka ga 117. Idan bai fito haka ba, akwai magajin da aka zalunta, sai a koma baya.

Abin da ya fi sa ni damuwa da ku iya wannan lissafi yana cikin ɗan ƙullin nan na ORS da ake ba uwa a asibiti idan ɗanta yana amai da gudawa. Bisa tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da shi tun 2002, ƙullin da ake damawa a lita guda yana ɗauke da gishiri giram 2.6, da fotasiyam kuloraid giram 1.5, da gulukos giram 13.5, da sitiret giram 2.9, kuma ana so ruwan ya ƙunshi kuloraid milimol 65, milimol kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na mol. To, mu gwada mu gani ko gaskiya ne. Raba 2.6 da 58.5, za ka sami kusan milimol 44. Nauyin mol na fotasiyam kuloraid 39 da 35.5 ne, wato 74.5, raba 1.5 da shi, ka sami milimol 20. Tara su, ga ka a bakin 65. Gulukos kuma nauyin mol ɗinsa 180 ne, 13.5 a raba da 180 ya ba da milimol 75, daidai da milimol 75 na sodiyam da ake samu idan aka haɗa na gishiri da na sitiret. Wanda ya dubi giram kawai zai ce sukari ya rinjayi gishiri nesa ba kusa ba, amma wanda ya iya mol ya san an daidaita adadinsu ne da gangan, saboda hanji yana shigar da sodiyam tare da gulukos ta ƙofa ɗaya, ruwa kuma ya bi bayansu ya koma jiki. Haka ledar ƙarin ruwa da ake ratayawa a gefen gadon majinyaci, giram 9 na gishiri ne a lita, wato milimol 154, kuma da 35.5 ɗin nan aka fitar da shi.

Daga nan kuma za ku fahimci abin da ya sa idan uwa, saboda tausayi da gaggawa, ta dama ƙullin lita guda a rabin lita domin maganin ya yi ƙarfi, ta ninka gishirin sau biyu ne, kuma ruwan da ake so ya ceci yaron yana iya cutar da shi. Ita ba ta da laifi, ba a koya mata ba. Amma ke 'yata da ke aji biyar na sakandare, da kai ɗana da ke shirin JAMB, idan kuna tsaye a tsakar gidan kuka yi shiru, da me za ku kare kanku? A cikinku akwai waɗanda za su zama masu haɗa magunguna, da ma'aikatan jinya, da masu auna kulorin da ake zubawa a ruwan famfon gari domin kare jama'a daga kwalara, inda ɗigo guda da ya kauce daga mazauninsa a takarda yake ninka abu sau goma, kuma waɗanda za su sha ba su da hanyar bincikar hisabinku, amana kawai suka ba ku.

Saboda haka ga roƙona gare ku. A cikin makon nan kowannenku ya sami ƙullin ORS guda a kemis ko a asibitin unguwa, ya juya bayansa ya karanta giram ɗin da aka rubuta da adadin ruwan da aka ce a dama shi a ciki, ya zauna da alƙalami da takarda, ba tare da ya leƙa amsata ba, ya fitar da milimol na kuloraid da kansa, yana rubuta mol ɗin mene ne a kowane layi. Idan ya fito daidai, ya kira mahaifiyarsa ko yayarsa ya nuna mata kwalbar da ta cika lita guda a gidan, ya sa mata alama.